Gyaran fatan idan kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka

Mai koyon ɗinki:
Assalamu alaikum. Kafaɗar ƙanwata ta dama ta fi ta hagu sauka da kusan inci 1, saboda karkacewar ƙashin baya da take da ita tun tana ƙarama. Duk rigar da na yanka mata da fatan ɗin takarda, wato samfurin da ake bi wajen yanka yadi, sai yadin ya tattare a ƙasan hammatar dama, wuyan rigar kuma ya zame gefe guda. Sau biyu ina farke ɗinkin, kuma ba na so ta ɗauka jikinta ne ke da laifi. A ina zan yi gyaran?

Tsohuwar tela:
Wa alaikumus salam, 'yata. Fatan ɗin da kike amfani da shi rabin jiki ne, wanda ake ɗorawa a kan yadi a ninke, don haka ya ɗauka hagu da dama daidai suke. Ki zana cikakkensa, gaba da baya, sannan a ɓangaren dama kaɗai ki sauke ƙarshen kafaɗa, ki ja layi zuwa gindin wuya. Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne hammata: duk abin da kika rage a kafaɗa, dole ki sauke ramin hannun da gwargwadonsa, in ba haka ba ramin zai tsuke, hannun rigar ya ƙi shiga. Ki shimfiɗa yadin falle ɗaya, fuskarsa na sama, ki rubuta hagu da dama da alli kafin ki taɓa almakashi.

Wani tela:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ni ba na rage incin gaba ɗaya, domin rigar da ta bi karkacewar jiki sau da ƙafa tana ƙara fito da ita. Nakan sauke rabin inci a fatan, in cike sauran rabin da siririn soson kafaɗa a ɓangaren da ya sauka, wuya da kwala kuwa in bar su daidai wa daida.

Tsohuwar tela:
Na yarda da wannan, Malam, muddin yadin yana da nauyin da zai ɓoye soson. Ki fara gwadawa da yadi mai araha, 'yata, ki kafe shi da fil a jikinta tana tsaye yadda ta saba tsayuwa, ba tare da ta miƙe don ta faranta miki ba. Ki kuma guji yadi mai ratsin kwance a wannan rigar.