Wane girman mazubi ya dace da tumatir da attaruhu a cikin gida?

Uwargida, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Tsakar gidan da muke haya a nan Katsina daɓen siminti ce, don haka ba ni da wurin shuka sai cikin mazubi. A hunturun bara na dasa tumatir a gwangwanayen madara, ya yi kore shar har wajen makonni uku, daga nan ya tsaya cak, ganyen ƙasa ya koma rawaya, ɗan abin da ya haifa kuma gindinsa ya yi baƙi tun bai nuna ba. Shin ƙanƙantar gwangwanin ce ta jawo haka, kuma wane girma ya kamata in nema bana?

Mai lambu, Ajiwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Gwangwanin ne ya cuce ki. Idan saiwa ta cika mazubi sai ta riƙa nannaɗe kanta a jikin bangonsa, ƙasar da ta rage kuwa ba ta iya riƙe ruwan da zai ishi shukar har zuwa yamma. Wannan bushewa da jiƙewa a jere ita ke hana sinadarin kalsiyam isa ga 'ya'yan, shi ne baƙin gindin da kika gani, ba cuta ba ce da za ki saya wa magani. Ki ba kowane tumatir guda bokitin fenti mai lita 20, ko jarka mai lita 25 da aka yanke samanta, bayan an wanke su tas. Attaruhu da tattasai sukan wadatu da lita 10 zuwa 15. Ki huda ƙasan mazubin wuri biyar ko shida, sannan ki gauraya ƙasarmu mai yashi da ruɓaɓɓen taki, domin ita kaɗai ruwa wucewa yake yi.

Tsohon malamin gona, Daura:
Na yarda da maganar ɗan'uwana, sai dai ina jan hankalinki, 'yata, kada jin wannan ya sa ki zuba iri kai tsaye a babban bokiti. Ƙaramin tsiro ba ya iya shanye ruwan da lita 20 ta ƙasa ke riƙewa, ƙasar takan daɗe a jiƙe har saiwar ta ruɓe. Ki raine shi a ƙaramar leda, ki mayar da shi bokiti bayan kamar makonni huɗu. Launi ma abin lura ne, domin baƙar roba a kan siminti cikin zafin Afrilu tana gasa saiwa. Ni tukunyar ƙasa na fi so saboda sanyinta, ko da yake ta fi saurin bushewa.

Uwargida, Ƙofar Marusa:
Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. To zogale fa, bokitin zai ɗauke shi?

Tsohon malamin gona, Daura:
Zogale saiwarsa ƙasa take nutsawa, zurfi yake so fiye da faɗi. Ki cika buhun masara da ƙasa ki tsayar da shi a jikin bango, ki kuma riƙa datse kansa idan ya kai ƙugunki.