Shin daidaita jihohi a majalisar dattawa ya saɓa wa dimokuraɗiyya?

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da tsarin tarayya. A Amurka kowace jiha tana da sanatoci 2, ke nan Wyoming, wadda mutanenta ba su kai 600,000 ba, tana da murya daidai da Kaliforniya mai mutum kusan miliyan 39. Idan asalin dimokuraɗiyya shi ne ƙuri'ar kowa ta yi nauyi ɗaya, ta yaya za a kira irin wannan kundin tsarin mulki na dimokuraɗiyya?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malama. Sulhu ne aka yi a taron Filadelfiya na 1787, domin ƙananan jihohi sun ƙi yarda su shiga tarayyar da manya za su danne su, sai aka raba kujerun majalisar wakilai bisa yawan jama'a, aka daidaita na dattawa. Har zuwa 1913 ma majalisun jihohi ne suke zaɓen sanatoci. A ganina kundin ya fi damuwa da taƙaita iko fiye da bin ra'ayin masu rinjaye, shi ya sa a 2000 da 2016 wanda ya fi yawan ƙuri'un jama'a bai zama shugaban ƙasa ba, domin wakilan zaɓe na jihohi ne suke zaɓen shugaban, ba jama'a kai tsaye ba.

Lauya Mai Bincike:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ba dole ne tarayya ta bi wannan hanya ba. A Jamus, majalisar da ke wakiltar jihohi tana ba kowace jiha ƙuri'a 3 zuwa 6 gwargwadon yawan mutanenta. Ni abin da na fi dubawa shi ne wanda aka bar wa ikon da kundi bai ambata ba: a Amurka gyara na 10 da aka yi wa kundin ya bar shi ga jihohi ko jama'a, a Indiya kuwa gwamnatin tsakiya ce take riƙe da shi.

Haka kuma yadda aka haifi kundi yana da muhimmanci. Na Nijeriya na 1999 yana buɗewa da sunan al'umma, alhali dokar soja mai lamba 24 ce ta kafa shi a ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba. Ya keɓe wa tarayya abubuwa 68 tun farko, har da 'yan sanda, ta yadda gwamnan da ake kira shugaban tsaron jiharsa ba shi ne yake naɗa kwamishinan 'yan sandanta ba.

Ɗalibar Shari'a:
Na gode. To amma idan gyaran kundin Amurka yana buƙatar amincewar kashi uku cikin huɗu na jihohi, wa zai shawo kan ƙananan su rage wa kansu iko?

Malamin Tarihi:
Lamarin ya fi haka tsauri, Malama, domin sashe na 5 ya ce ba za a hana jiha daidaiton ƙuri'a a majalisar dattawa ba sai da yardarta.