Sake Shata Iyakar Makarantu: Abin da Iyaye Mazauna Amurka Suka Gani da Idonsu

Baban Tagwaye

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Hukumar ilimi ta gundumar da muke zaune, a kewayen wani babban birni na Amurka, ta aiko mana da takarda cewa za ta sake shata iyakokin makarantu, kuma layinmu yana cikin waɗanda ake shawarar mayarwa wata firamare daban daga shekarar karatu mai zuwa. Ga waɗanda ke karanta wannan daga gida, ya kamata in ɗan yi bayani, domin mu a Kano mun saba uba ya kai ɗansa duk makarantar da ya ga ta kwanta masa a rai, ko da tana can wani ɓangaren gari. A nan kuwa makarantar gwamnati adireshin gida take bi: kowace makaranta tana da yankinta a taswira, yaron da yake kwana a cikin yankin nan ita ce tasa, wanda yake tsallaken titi kuma wata ce tasa, ko da iyayensu a masallaci ɗaya suke salla. Shi ya sa mutum kan duba makaranta tun kafin ya duba yawan ɗakunan gidan da zai kama. Ina roƙon waɗanda irin wannan ta taɓa ratsawa ta kansu su faɗa mana yadda aka yi, abin da ya canja a rayuwar yaran, da kuma ko zuwa zaman jin ra'ayin jama'a yana da wani amfani.

Hajiya ta Columbia

Wa alaikumus salam, Baban Tagwaye. Mu a gundumar Howard ta jihar Maryland mun ga wannan a shekarar 2019, kuma har manyan jaridun ƙasar sai da suka yi ta rubutu a kanmu. A watan Agusta na wannan shekarar shugaban makarantun gundumar, Michael Martirano, ya gabatar da shawarar sauya wa ɗalibai kimanin 7,400 makaranta, daga cikin kusan 58,000 da gundumar take da su. Dalili biyu aka haɗa wuri ɗaya. Na farko shi ne cunkoso, domin wasu makarantu sun cika sun batse yayin da wasu suke da kujerun da babu kowa a kai. Na biyu, wanda shi ne ya tayar da ƙura, shi ne a rage tattaruwar 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi a makarantu ƙalilan. Ma'aunin da aka yi amfani da shi kuwa shi ne yawan yaran da ke samun abincin rana kyauta ko a rangwame. A babbar sakandaren River Hill da ke Clarksville irin waɗannan yara ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, a Wilde Lake kuma, wadda ba ta da wani nisa daga can, sun haura kashi 40.

Abin da ya ƙara wa lamarin zafi shi ne tarihin garin kansa. Wani mai harkar gine-gine, James Rouse, ya kafa garinmu na Columbia a 1967 da niyyar baƙi da farare, mai hali da marar hali, su zauna unguwa ɗaya, kuma mutanen garin suna alfahari da wannan ƙwarai. Sai ga shi an wayi gari iyaye ɗauke da kwalaye suna zagaya babbar kasuwar garin suna zanga-zanga, wasu wasiƙun da aka aika wa hukumar kuma suna ɗauke da kalaman ƙyama a kan 'ya'yan talakawa waɗanda ba zan iya maimaita su ba. Ban ce duk wanda ya ƙi shirin mai ƙyama ba ne. Na san iyaye da dama da babu abin da ya dame su illa nisan hanya.

An raba gundumar gaba ɗaya zuwa ƙananan yankuna ɗaruruwa, kowanne da lambarsa, kuma a watannin nan babu wanda yake tambayar sunan unguwarka, lambarka ake tambaya. Na halarci zaman jin ra'ayi, inda ake ba kowane mai magana 'yan mintoci kaɗan, na ga unguwanni sun zo a ƙungiyance sanye da riguna masu launi ɗaya, da taswirar da suka zana da kansu, da lissafin da wani injiniya a cikinsu ya yi musu. Mutanen manyan gidajen haya na benaye kuwa, inda baƙin haure irinmu suka fi yawa, da ƙyar ka ga mutum biyu ko uku daga cikinsu. A ranar 21 ga Nuwamba hukumar ta kaɗa ƙuri'a, adadin ya sauko zuwa kimanin 5,400. Lambarmu tana cikin waɗanda aka sauya a matakin firamare, sai kuma annobar korona ta zo, autata ta fara sabuwar makarantarta ta kwamfuta daga falo, ta san fuskokin 'yan ajinta a allo watanni kafin ta gan su ido da ido. Karatunta bai ja baya ba, alhamdu lillahi. Kada kuma ka ɗauka an gama ke nan, domin da aka buɗe sabuwar sakandaren Guilford Park a 2023 sai da aka sake taɓa taswirar.

Malamin Lissafi

Hajiya ta kawo abin da ya faru daidai, ni kuma zan ƙara da abin da muke gani daga cikin aji, domin na koyar a makarantar da ɗalibanta suka fi ƙarfin gininta. An jera mana azuzuwan wucin gadi irin na kwantena a filin wasa, ana fara cin abincin rana tun da hantsi saboda ɗakin cin abinci ba ya ɗaukar yaran gaba ɗaya, malamai kuma wasu ba su da ajin kansu, sai dai su riƙa tura kayan koyarwa a ƙaramar kura daga ɗaki zuwa ɗaki. Gina sabuwar makaranta yana cin shekaru da miliyoyin daloli, matsar da layi a taswira kuwa ƙuri'a ɗaya ce, don haka duk gundumar da ake ta gina sababbin gidaje a wani ɓangarenta, ba dade ko ba jima sai ta yi wannan aiki.

Game da dalilin da ya sa ake lissafi da abincin rana, wannan ya samo asali ne daga kotu. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da ta shafi biranen Seattle da Louisville, ta hana a dubi launin fatar yaro a ce ga makarantar da za shi, shi ya sa gundumomi da yawa suka koma duban ƙarfin aljihun iyaye. Tun a 1974 kuma, a shari'ar Detroit, kotun ta sa ya yi wuya ƙwarai a tilasta haɗa ɗaliban cikin birni da na gundumomin kewaye, saboda haka galibin gyaran da ake yi, a cikin gunduma ɗaya ake yin sa. Abin da nake so iyaye su lura da shi shi ne, makarantar da ke da yawan 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi takan sami ƙarin kuɗi daga gwamnatin tarayya, kuma sau da yawa a can ne ake da malaman da suka ƙware wajen koyar da yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne. Na ga yaron da aka mayar makarantar da kowa ke yabo, ya rasa ƙaramin ajin karatun da yake samu a tsohuwar.

Maman Yara Huɗu

Malam, Allah ya saka da alheri, amma ni ta wani ɓangaren abin ya zo mini, kuma har yanzu raina bai gama sanyi ba. Ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, maigidana yana tuƙa babbar mota, wani lokaci ya yi kwanaki ba ya gida. Mun kama hayar da muke ciki ne saboda firamaren tana kusa, yara suna tafiya da ƙafa tare da 'ya'yan maƙwabta. Da gundumarmu, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta sake iyaka, sai aka yanke rukunin gidajen hayarmu kaɗai aka haɗa shi da wata makaranta a tsallaken babbar hanya, alhali gidajen masu mallaka da ke kewaye da mu an bar su inda suke. Na fahimci lissafin daga baya: rukuni ɗaya irin namu yana da yara masu yawa a wuri ɗaya, saboda haka matsar da mu ya fi sauƙi a kan matsar da layuka goma na masu gidan kansu, waɗanda kuma za su zo da lauya.

Takardar sanarwa ta zo da Turanci da Sifaniyanci, zaman kuma an sa shi da yamma, daidai lokacin da nake shirin fita aiki. An ce wanda zai shiga ajin ƙarshe zai iya ƙarasawa a tsohuwar makaranta idan iyaye za su riƙa kai shi da kansu, sai na wayi gari da babba a wata makaranta, ƙannensa biyu a wata, lokacin tashinsu kuma bai zo ɗaya ba. Ina dawowa daga aiki da asuba in fara jigila maimakon in kwanta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Islamiyya, domin motar sabuwar makarantar tana sauke su bayan an riga an fara darasi, dole muka mayar da su ta Asabar da Lahadi kawai, haddar da suke yi kuma ta yi rauni. Sabbin malaman mutanen kirki ne, ban da ƙorafi a kansu ko kaɗan. Babu dai wanda ya tambaye mu yadda yininmu yake kafin a ja layin.

Alhaji Mai Gida a Texas

'Yar'uwa, na tausaya miki, amma ina so a yi wa masu gidaje adalci su ma. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, ya ci bashin banki na shekara 30, ya biya ƙari mai yawa a kan gida saboda makarantar da aka rubuta a tallar gidan, yana kuma biyan harajin gida duk shekara wanda kaso mafi tsoka nasa a jiharmu makarantu yake tafiya, rana ɗaya a ce masa an canja. Ni na je na yi magana a zaman gundumarmu, ban kuwa ji kunyar yin hakan ba, aka bar layinmu. Sai dai ina jan kunnen masu shirin saye cewa babu wata takarda da ke ba mai gida tabbacin makaranta har abada, duk abin da dillali zai faɗa. Haka kuma dabarar nan da wasu 'yan'uwanmu ke yi ta rubuta adireshin wani ɗan'uwa, a bar ta. A 2011 wata uwa a jihar Ohio ta yi kwanaki a gidan yari saboda ta yi wa 'ya'yanta rajista da adireshin mahaifinta, kuma wanda takardun zamansa ba su gama nuna ba bai kamata ya kusanci irin wannan ba.

Ɗan Damagaram

Mu ma a Faransa akwai taswirar makarantu tun 1963, kuma majalisar lardi ce take shata yankin ƙaramar sakandare. Da aka sauya namu a wajen birnin Paris, masu hali ba su tsaya jayayya ba, sai suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantu masu zaman kansu, waɗanda taswirar ba ta hau kansu ba, aka bar mu da ajin da ya fi na da talauci. Alhaji, ku a can aƙalla kuna zuwa a yi gardama.

Direban Motar Makaranta

Ni ne nake ɗaukar yaran bayan manya sun gama jan layi, saboda haka bari in faɗa wa Baban Tagwaye abin da zai nema a rubuce. Nisan da ake nunawa a taswira ba shi ne lokacin da yaro zai yi a mota ba, domin mota ɗaya takan yi zagayen babbar sakandare, ta dawo ta yi na ƙaramar, sannan ta yi na firamare, kuma yaron da aka fara ɗauka shi ne yake zama mafi daɗewa a ciki. Ka tambayi ƙarfe nawa za a ɗauki tagwayenka da ƙarfe nawa za a sauke su, ka tambayi ko akwai motar yamma ga masu tsayawa ƙarin darasi ko wasanni, ka kuma tambayi ko alfarmar ƙarasa ajin ƙarshe tana haɗe da mota, tunda ka ji abin da ya sami Maman Yara Huɗu. Idan maiɗakinka ko wani maƙwabci yana bukatar tafinta, a nema tun da wuri. Na Faransanci da Larabci sun fi sauƙin samuwa a kan na Hausa.

Game da ko zuwa zaman yana da amfani, abin da na gani shi ne ranar kaɗa ƙuri'a kusan an riga an gama magana. Ana canja taswira ne a tsakanin daftarin farko da na biyu, lokacin da ma'aikatan tsare-tsare suke karɓar gyara, kuma sun fi sauraron wanda ya zo da takamaiman abu, kamar hanyar da ba ta da wurin tsallakawa ko rukunin gidajen da aka raba biyu, a kan wanda ya zo ya ce shi dai bai yarda ba. A gundumar da nake aiki wasu iyaye 'yan Somaliya sun tattara sa hannun duk mutanen beninsu bayan sallar Juma'a, suka nuna cewa sabuwar hanyar za ta bi da yaransu ta mahaɗar da manyan motoci ke juyawa, kuma a daftari na biyu an mayar da su makarantarsu ta da.