Me ya sa yinin Landan ya fi namu tsawo amma bai kai namu zafi ba?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanina da ke karatu a Landan ya ce a watan Yuni sai bayan ƙarfe tara na dare suke sallar magariba, rana tana yin sama da awa 16 kafin ta faɗi. Amma wai da safe sai ya ɗora rigar sanyi. Mu nan Kano yininmu ba ya cika awa 13, ga shi a Afrilu ba ka isa ka taka ƙasa ba takalmi da rana tsaka ba. Ko dai mun fi su kusa da rana ne?

Malamin Makaranta:
Wa alaikumus salam. Ba kusanci ba ne. A farkon Janairu ma duniya ta fi kusantar rana, alhali muna tsakiyar hunturu. Duniya a karkace take juyawa, da kimanin digiri 23.5. Kano tana digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Landan tana 51.5. Haska ƙasa da tocila a tsaye, hasken zai taru wuri guda da ƙarfi. Karkata ta, sai ya baje ya yi rauni. A nan, wajen ƙarshen Afrilu rana tana zuwa daidai tsakar ka, inuwarka ta koma ƙarƙashin ƙafarka. A Landan ko a Yuni ba ta hawa sama da digiri 62, a Disamba kuwa 15 kacal, yinin ma bai kai awa 8 ba. Ga iskar teku tana ƙara sanyaya su.

Maman Ilham:
To Malam, na ji an ce a Agusta ma rana tana bi ta kanmu. Ina zafin yake?

Malamin Makaranta:
Gaskiyarki Hajiya, sau biyu take bi a shekara. A Agusta gajimare ne ke tare ta, ruwan damina ya jiƙa ƙasa. A Afrilu kuwa sama a buɗe, ƙasa a bushe ƙamas.

Mai Haɗa Sola:
Shi ya sa muke fuskantar da faifan sola kudu, mu ɗan karkata shi kaɗan. Wata takwas na shekara rana ta kudu take bi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ne kawai take komawa arewa da mu, lokacin ne masu gida ke kira suna cewa mun kafa musu faifai a baibai.