Shawarwarin fada ga ɗalibai makaɗa masu shirin tafiya

Daren Alhamis a fadarmu, wato majalisar hirarmu ta nan Maradi, shayi na kan wuta, hira ta koma kan ɗaliban kiɗa da za su tsallaka iyaka ta Ɗan Isa, su bi Jibiya zuwa ƙauyukan Katsina. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda cewa ƙofar maigari ake fara zuwa, da goro a hannu, kafin a kwance kaya. Wani dattijo, tsohon makaɗin kalangu, ya ja kunne sosai: «Samari, in kun ga tambari a fada kada hannunku ya kai, na sarki ne, ba a buga shi don wasa.» Ya ƙara da cewa damina na sa fatar ganga ta saki, sai a shanya ta ko a ɗan gasa a gefen wuta. Tsarkiyar goge kuwa, a tafi da ta ajiya.

Inda aka yi gardama shi ne ɗaukar murya da waya. Matasa na ganin ba komai. Ni dai ina bayan masu cewa a nemi izini, musamman waƙar daka ta mata a cikin gida, wadda baƙo namiji ba ya ma shiga sai an ce ya shigo.

Sauran gajeru ne: a canza sefa zuwa naira tun a gari, a riƙe gidan sauro, a tsai da kiɗa in an kira salla. In aka miƙo fura, a kurɓa ko da an ƙoshi.