Yaya ake yi wa tsohon gidan ƙasa fenti?

Ɗan Ƙofar Soro: Assalamu alaikum. Gidanmu na gado a Katsina ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, amma duk fentin da muka yi, damina ɗaya take ɓamɓare shi. Me ya kamata mu yi?

Tsohon Magini: Wa alaikumus salam. Ɗana, matsalar danshi ce. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, kuma yana tsare laima a cikin bango, shi ya sa fenti yake kumbura. Ku ƙwanƙwasa bangon, duk inda ya yi ƙarar rami ku farfashe, ku sake yaɓe, sannan ku gyara indararo domin kada ruwa ya riƙa bin jikin gini. A waje na fi amincewa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a ciki kuwa farar ƙasa, domin tana barin bango ya bushe.

Uwar Gida Daga Daura: Malam, ka guji fentin mai a ɗakin da yake da laima. Idan za a kankare tsohon fenti, a jiƙa shi, a fitar da yara, domin wani fentin yana ɗauke da dalma, wadda guba ce.

Tsohon Magini: Gaskiya ne, Hajiya. Kuma a yi aikin bayan damina, kafin ƙurar hunturu ta sauko.