In sare masarar ɗanya ko in jira kara?

Manomin Dadin Kowa: Assalamu alaikum. Ina da rabin kadada ta masarar rani a ƙasan dam, ga bijimai huɗu a turke da nake so su kai Babbar Sallah. Ta yi goyo, ƙwayar ta fara tauri. In sare ta yanzu in binne a rami ta tsimu ta zama abincinsu, ko in bari ta bushe in sayar da hatsin in ba su kara?

Baban Hauwa: Dusa da harawar wake, shi ke nan.

Malam Na-Kumo: Ba dusa ya tambaya ba. Ɗan'uwa, jikin kara zare ne, ƙananan halittun da ke tumbin sa ne suke narkar da shi. Masara na tsufa, wani sinadari wai shi liginin na ƙaruwa yana ɗaure zaren, shi kuwa ba ya narkewa. Shi ya sa suke cinye ganye su bar maka gindin kara. Sare yanzu, a yayyanka ƙanana, a danne kada iska ta shiga, bayan sati 3 ka buɗe.

Alhaji Mai Turke: Rami? Bara wani yaro mai digiri ya sa na binne tawa. Da muka buɗe, baƙi ƙirin, ga fumfuna ga wari. Ya ce to a jiƙa kara da takin yuriya. Aka bar ruwan takin a bokiti, babban sana ya sha, kafin magariba sai wuƙa. Mahauta suka yi mini tayin wulaƙanci.

Malam Na-Kumo: Allah Ya mayar da alheri, Alhaji. Amma barin bokiti a buɗe ba laifin digiri ba ne.

Alhaji Mai Turke: Kai shanu nawa ka taɓa turkewa?

Ɗan Bajoga: Naman dai ya yi laushi, Alhaji, mun shaida.

Maman Sadiq: Ni niƙaƙƙen kara nake saya, buhu 4,000 a Gombe.

Ɗan Bajoga: Hajiya an cuce ki, 2,500 ne a nan.

Maman Sadiq: Rabinsa yashi ko? Ni ledar da ake rufe ramin ce damuwata. A yar da ita a bola, tunkiyata ta yi ta ramewa, da aka yanka leda ce cunkus a cikinta.

Manomin Dadin Kowa: Jama'a, in sare ko kuwa?

Baban Hauwa: Hajiya, ai masu ruwan leda ne suka fi kashe mu a unguwarmu.